Yaron da Takardarsa ta Girme Shi

A ƙauyukan Damagaram ba a zubar da takarda mai hatimi. Katin rigakafi, katin zaɓen da aka gama tun yaushe, duk sai a naɗe a leda a tura ƙasan adaka, don ba ka san ranar da gwamnati za ta tambaye ka wani abu ba. Nomau manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Gaffati, shi ma haka yake yi, kuma ba wanda zai ce ya yi abin da ba a saba yi ba.

Ɗansa na fari, Mahamud, a likita aka haife shi, saboda haihuwar ta zo wa matarsa Larai da gardama har sai da aka ɗauke ta a amalanke. A can aka ba su takardar haihuwa. Yaron bai cika shekara biyu ba ƙyanda ta ɗauke shi. Aka kai shi da hantsi, aka yi zaman kwana uku, aka watse. Ba wanda ya tuna cewa mutuwa ma ana kai labarinta ofis. Bayan wata biyar Larai ta haifi Nazir, a ɗaki, tsakiyar damina, ranar da kowa yana gona. Shi ba a yi masa takarda ba. Wa zai bar noma ya tafi bin layi?

Da Nazir ya kai ajin ƙarshe na lakwal, wato firamare, mushe, malaminsu, ya ce duk wanda ba shi da takardar haihuwa ba zai wuce kolej ba. Nomau ya buɗe adaka. Ga takarda kwance ba ta aikin komai, ga yaro ba takarda, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya miƙa. Mushe ya gyara rajista bai tambayi komai ba, don ba a kan Nomau aka fara ba. Tun daga ranar yaron ya zama mai suna biyu: a gida Nazir, a lakwal Mahamud Nomau, kuma a takarda ya girmi kansa da shekara biyu da ɗoriya.

Kolej a Damagaram ya yi, yana zaune a unguwar Birni gidan kawunsa Ɗan'azumi, ƙanen Larai, baduku mai ɗinka jaka da takalmi. A bana ya ci birebe, jarrabawar gama kolej. Da ƙyar ya ci, sai a zagaye na biyu, lissafi ya kusa kayar da shi, amma ci ci ne. A duk zuriyar Nomau ba wanda ya taɓa riƙe irin wannan takarda. Nomau har ya gama shirinsa a zuciya: yaro ya shiga makarantar koyon aikin likita, ya fito majo mai yi wa mutane allura, a riƙa sallama a ƙofar gidansu da ladabi.

Sai dai yaron yana da ƙwallo. A rairayin lungunan Birni ya koya, inda ƙwallo ba ta gudu sai ka tura ta da ƙarfi, shi ya sa ƙafarsa ta yi nauyi. Baya yake tsarewa. Aka gan shi a gasar makarantu, aka sa shi cikin yaran jiha, daga nan aka kira shi Yamai. Ana haɗa ƴan ƙasa da shekara sha bakwai ne don wata gasa ta ƙasashen yankin, wadda ƙasa biyu da suka zo gaba za su wuce babban taron wasanni na duniya, inda masu gudu da masu kokawa da masu ninkaya kowa ke zuwa da tutarsa.

A irin wannan gasa yanzu ba a yarda da baki. Ana sa hannun yaro cikin wata na'ura ta duba ƙashin wuyan hannu, ta faɗi ko ya wuce shekarun. Yara arba'in aka kai, na'ura ta mayar da sha huɗu gida, wasu ma dama da reza suke kwana. Nazir ya wuce lafiya, ƙashi ya ce sha shida. Da aka zo haɗa paspor aka buɗe takarda, ta ce sha takwas.

Zakariya'u, mai horas da yaran jiha, wanda shi ya kai Nazir Yamai, ya hau mota ya dawo, ya ari moto mai ƙafa biyu ya nemi gonar Nomau. Ya same shi yana cire ƙuduji a gindin gero, lokacin gero ya fara kai. Suka gaisa, aka tambayi ruwa, aka tambayi gajiya.

"Baba, shekara ashirin ina wannan aiki," in ji Zakariya'u. "Kullum yaro ne ke girmar takardarsa. Ban taɓa ganin takarda ta girmi yaro ba sai a gidanka."

Nomau ya karkaɗe ƙasa daga hannunsa. "To ai sai ku bi ƙashin, Malam Zakari. Ƙashi Allah ya yi shi, takarda mutum."

"Can so suke su biyun su yarda da juna. Takardar wa ce?"

Nomau ya gaya masa, bai rage komai ba, don bai ga abin ɓoyewa a ciki ba. Zakariya'u ya zauna a kan kunya ya cire hula ya sosa kai. Ya ce kwana tara suka rage a aika sunaye, kuma a duk yaran da aka tara ba mai tsare baya kamar wannan.

Washegari Nomau ya shiga gari, ya biya Birni ya ɗauki Ɗan'azumi, suka haɗu da Zakariya'u a ƙofar gidan shari'a. A gindin bishiyar da ke wajen akwai masu tebur, masu rubuta wa mutane takardar koke. Ɗaya daga cikinsu ya ji maganar tun kafin a gama ta, ya ce wannan ai ba ciwo ba ne: a yi wa yaro sabuwar takarda da sunan Nazir, a bar tsohuwar tana barci, ya yi ƙwallo da ɗaya, ya yi karatu da ɗaya. Maganar ta kwanta wa Nomau. Zakariya'u ne ya ƙi.

"Hotonsa yana jikin katin gasar makarantu da sunan Mahamud, shekara uku a jere. Kowace ƙasa tana zuwa da mutum wanda ba ya kallon wasa, aikinsa kawai tonon takardun abokan gaba. In suka kama mu, ba shi kaɗai za a kora ba, yara ashirin ne. Ni ba na ciki."

Sai suka shiga. Wata ma'aikaciya mai suna Wasila, wadda takardun shari'a ke bi ta hannunta, ta saurare su tana jera wasu dosiye, ƙunshin takardun mutane. Ta ce abu ne mai yiwuwa cikin mako guda, tunda alƙali yana zaman irin waɗannan ranar Alhamis. Hukunci biyu za a yi: ɗaya na cewa Mahamud ya rasu, ɗaya na cewa an haifi Nazir. A zo da shaidu biyu da uwar yaran.

"To birebe fa?" in ji Nomau.

"Birebe na Mahamud ne, Baba."

"Ai Nazir ne ya zauna ya rubuta."

"Na sani. Amma ranar da alƙali ya sa hannu cewa Mahamud ya rasu bai kai shekara biyu ba, ka ga ba zai yiwu a ce ya ci jarrabawa yana da sha takwas ba. Takardar ta faɗi."

"Ba a juya ta zuwa sunan mai ita?"

"Ana nema. Sai dosiye ya tafi Yamai. Na ga wanda ya samu bayan shekara uku, na ga wanda ya gaji ya daina zuwa tambaya. In ɗana ne, gara ya koma aji ya sake rubutawa baɗi."

Suka fito. A hanyar komawa Birni Ɗan'azumi ne ke ta magana, don tsakaninsa da mijin yayarsa akwai wasa, yana faɗa masa abin da wani ba zai faɗa ba.

"Kai dai baƙauye baƙauye ne. An ba ka takarda ɗaya a duniya, ka sa ta yi aikin mutum biyu kamar garmar aro. Yanzu kuma kar ka ƙara wauta a kan wauta. Ƙwallo iska ce cikin fata, ni mai aikin fata na fi kowa sani. Riƙe birebenka."

"Da kai ne ka ci shi, da na riƙe," in ji Nomau. "Kai da aka kora daga aji biyu."

"Ni na kori kaina. Kuma ga ni ina ciyar da ɗanka."

Da suka isa rumfar ɗinki Ɗan'azumi ya kira Yamai a wayarsa, ya miƙa wa Nomau. Aka nemo Nazir daga wajen atisaye, yana haki. Ya gaida ubansa, ya tambayi innarsa. Nomau ya shimfiɗa masa maganar yadda take.

"Abin da ka ce, Baba."

"Ba abin da na ce nake tambaya ba. Lissafin nan, in aka sake ɗora maka shi, za ka ɗauka?"

Nomau ya duba wayar ko ta yanke, sai ya ji muryar yaron.

"Ban sani ba, Baba. Wancan karon ma ban san yadda aka yi ba."

"To ƙwallon fa?"

"An ba ni riga mai lamba huɗu. An ce in ajiye tukuna, kar in sa."

Nomau ya mayar da wayar. Da yaron ya yi masa alkawarin zai ci, da ya san ƙarya ce, da ya huta. Ya hau motar kasuwa ya koma ƙauye da niyyar a bar maganar. Yaro ya dawo gida, takarda ta ci gaba da aikinta, duniya ba ta taɓa tsayawa don an rasa mai tsaron baya ba.

Ya tarar da Larai tana sussuka da la'asar. Ya zauna a kan turmin da aka kife, ya ba ta labarin daga farko, har da cewa an ce sai da uwar yara. Bai sa ran za ta ce komai ba. Ɗan fari ne ake magana a kai, kuma mace irin Larai ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, yana raye ko ba ya raye. Ranar da aka binne shi ma ba wanda ya ga hawayenta, aka yaba mata kunya. Shekara sha shida Nomau bai taɓa jin ta tayar da zancen ba.

Ta ci gaba da dakanta har ya gama. Sannan ta jingine taɓarya.

"Ranar da sakamako ya fito, mata sun cika gidan nan suna yi mini barka da sunan wancan. Na amsa musu."

Nomau ya jira. Ta ɗauki faifai ta fara sheƙa.

"Ni ban ce a yi ba, Malam, ban ce a bari ba. Amma in zuwa gaban alƙali ne, ina da wankakken zane."

Kwana biyu Nomau yana gona shi kaɗai yana juya abin. Shi ba mutumin ƙwallo ba ne, bai taɓa zama ya kalli wasa daga farko har ƙarshe ba. Abin da ya sani shi ne gona. Gero in bai yi bana ba, ana sake shuka baɗi, ko da iri na aro ne. Jarrabawa kowace shekara ana yin ta. Shekara sha shida kuwa sau ɗaya take zuwa wa mutum. Ta ɗaya gefen kuma ya san manomin da ya tone shukar da ta riga ta tsiro don yana sa ran wadda ta fi ta, sau da yawa hannu wofi yake komawa gida. Lissafin bai ba shi amsa ba, kowane gefe ya auna sai ya ga daidai. Abin da ya rage a kan ma'auni shi ne maganar zanen nan, kuma shi ya san nauyin magana a bakin wadda ba ta magana.

Ranar Alhamis suka shiga gari su huɗu: shi, da Larai, da wakilin maigari, da wani dattijo Illa, wanda shi ya ɗauki gawar yaron a hannu zuwa maƙabarta a wancan lokaci. Aka zauna a benci tare da masu rikicin gona da masu neman takardar gado. Wajen azahar aka kira su.

Alƙalin ba tsoho ba ne, amma ya ga irin wannan har ya gaji. Ya tambayi Illa shekarar rasuwar, Illa ya ce shekarar da rijiyar yamma ta rufta. Wakilin maigari ya mayar da ita lissafin bature. Alƙali ya tambayi Nomau dalilin da ya ba wa yaro takardar wani.

"Ranka ya daɗe, ba ta wani ba ce, ta gidana ce. Na ga tana zaune."

"Takardar haihuwa ba riga ba ce, Malam, da ƙane zai gada in wa ya bari."

"Yanzu na sani, ranka ya daɗe."

Sai ya juya wajen Larai. Ya ce doka tana so ta faɗa da bakinta sunan ɗan da ya rasu. Larai ta ja mayafi ta dubi ƙasa.

"Na farin ne."

"Sunansa nake so, Inna."

"Wan na biyun."

Wani a benci ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Nomau ya buɗe baki zai faɗa a madadinta, alƙali ya ɗaga masa hannu. Ya dubi matar na ɗan lokaci. Shi ma wata ce ta haife shi, kuma wataƙila shi ne na farinta. Ya ɗauki tsohuwar takardar ya karanta a hankali.

"Mahamud, ɗan Nomau da Larai. Shi ne?"

Ta gyaɗa kai sau ɗaya.

"A rubuta ta tabbatar."

Da ya tambaye ta sunan na biyun da lokacin haihuwarsa, wannan ba ta jira ba. Ta ce Nazir, ranar Talata, ana noman biyu, ruwa ya kwana yana zuba.

A ofishin Wasila aka buga hatimi. Ta ce akwai sauran abu ɗaya: takardar shaidar birebe dole ta shiga cikin dosiye, ba za ta koma gida ba. Nomau ya ciro ta daga aljihun ƙirji, cikin leda. Shi ba ya karatun boko, amma ya san inda sunan yake da inda aka sa hannu, don an nuna masa sau da yawa. Ya cire ledar, ya miƙa takardar, ya ninke ledar ya mayar aljihu. Zakariya'u yana tsaye a ƙofa, ya karɓi sabuwar takardar haihuwar ya wuce tasha ko ruwa bai sha ba.

Gasar kanta ba ta da dogon labari. An yi ta a wata ƙasa ta bakin teku. Yaran suka ci wasa ɗaya, suka yi kunnen doki ɗaya, suka fito daga rukuni. A wasan da zai kai su taron duniya aka tashi ba ci, aka je bugun daga kai sai gola, aka fitar da su da ƙwallo ɗaya. Suka zo na uku, ana ɗaukar biyu. Nazir ya buga kowane wasa daga farko har ƙarshe, ba a ci su ta gefensa ba, kuma ba ya cikin waɗanda suka zubar. Wata ƙasa ta kai ƙara a kan shekarunsa kamar yadda Zakariya'u ya faɗa, aka buɗe hukuncin alƙali, aka rufe maganar. Nomau ya ji wasan ƙarshe a rediyon wani mai shayi, yana tsaye, don ya zo wucewa ne da jaki.

Yaron ya dawo an riga an koma lakwal da mako uku. Aka sa shi ajin da ya bari, tare da waɗanda da suke gaishe shi a matsayin na gaba.

Bayan an gama yankan gero Nomau ya ɗora buhu biyu a amalanke ya kai Birni, abincin yaro na shekarar da ba ta cikin shiri. Lungun gidan Ɗan'azumi ba ya ɗaukar amalanke, sai da suka sauke a bakin hanya suka ɗauka a ka, ɗaya bayan ɗaya.

"Ka ba da birebe ka karɓo na uku," in ji Ɗan'azumi yana nishi a ƙarƙashin buhu. "A kasuwar Damagaram ban taɓa jin ciniki irin naka ba."

"Kama da kyau, kana zubar mini da gero."

"In ya faɗi baɗi fa?"

"Sai in kawo wasu biyun."

Suka jingine buhunan a zaure. Nomau ya tambayi inda yaron yake, aka ce yana wajen wani mushe da ke koya masa lissafi bayan la'asar. Ya ce a gaishe shi, ba zai jira ba, akwai gyaɗa a ƙasa ba a tone ba.